Kafin Ku Tafi Neman Raƙumin Dawa

Ƙannena, maza da mata, na Bici da Badume da Saye da Ɗanzabuwa da sauran garuruwan da ke kan hanyar nan ta Katsina, akwai wata magana da nake yawan ji daga bakin waɗanda suka fara sha'awar ɗaukar hoto a cikinku. Wai a nan babu abin ɗauka. Gona ce, sai gona, sai wata gonar. Jaki ne da akuya da tsoho zaune a gindin darbejiya. Wai mai son hoto na gaske sai ya kai Agadas ya ga tuddan yashi, ko Yankari ya ga giwa, ko aƙalla ya shiga birni ranar hawan Daushe. Ban ga laifinku sosai ba, domin da wannan idon aka raine ku. Ku buɗe kowace mujallar Turawa ko shafin intanet da ke tallar Afirka, abu uku za ku tarar: ayarin raƙuma a kan yashi rana na faɗuwa, zaki ko raƙumin dawa, sai yaro mai ƙuda a ido riƙe da kwano. Wanda ya tashi yana kallon waɗannan, idan ya waiwayi gonar babansa sai ya ga ba ta isa a ɗauke ta ba.

Wuraren nan suna nan, kuma suna da kyau. Akwai tuddan yashi a Tulo-Tulowa cikin ƙaramar hukumar Yusufari ta jihar Yobe, akwai hamadar Tenere can gaban Agadas. Raƙuman dawan da suka rage a Afirka ta Yamma suna yankin Kure, kusa da Yamai. A 1996 guda 49 kacal aka ƙirga, aka tashi tsaye wajen kare su har suka haura 600, a 2018 ma aka ɗebi takwas aka kai dajin Gadabeji na jihar Maraɗi. Allah ya hore muku zuwa. Sai dai tafiyar tana cin kuɗi, hanyar kuma ba kullum take da lafiya ba: a watan Agustan 2020 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan agaji shida 'yan Faransa da direbansu da ɗan jagoransu a Kuren nan. Ko kun je lafiya kun dawo lafiya, kwana biyu za ku yi, ku dawo da hoton da dubban mutane suka riga ku ɗauka da kyamarar da ta fi taku nesa ba kusa ba. Abin da babu mai iya ɗauka kamarku shi ne ƙasar da kuka san kowace gona a cikinta da mai ita, kuna nan ranar da hadarin farko ya haɗo, kuna nan ranar da aka ɗaure damin ƙarshe.

Bici ba hamada ba ce, kada ku bari a cusa muku wannan a kai. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya ratsa ta Bici a farkon 1851 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Kano. Ba shi da kyamara, alƙalami ne a hannunsa, kuma abin da ya rubuta game da garin shi ne doguwar ganuwa da duhun itatuwan da suka kewaye ta. Ku tambayi dattawa su nuna muku inda ganuwar ta bi. Wannan ma aikin yini guda ne ga mai waya a aljihu.

Amma labarin da nake so ku riƙe shi ne na wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Bayero, ya rasu a 2017. Tun a 1965 ya rubuta bayani a kan ƙasar da ta kewaye birnin Kano, inda gari ke jin kiran sallar gari, gona ke manne da gona, ana noma kowane fili duk shekara ba a barin saura, jakuna suna fito da taki daga birni su koma da itace. Bayan farin 1972 zuwa 1974, da na 1984, sai duniya ta ɗauki magana ɗaya: hamada tana gangarowa, manoman Kano sun cinye itatuwansu a murhu, nan ba da jimawa ba ƙasar za ta zama ƙeƙashasshiya. Shi da abokan aikinsa ba su tsaya musu da baki ba. Suka ɗauko hotunan da jirage suka ɗauka daga sama a shekaru daban-daban suka jera, suka sauka gonaki suna ƙirga itace ɗaya bayan ɗaya, a 1990 suka fitar da littafi a kan itacen girki a Kano. Abin da suka samu ya saɓa wa abin da ake yayatawa. Itatuwan cikin gonaki ba su ƙare ba, a wasu wuraren ma na kusa da birni sun fi na nesa yawa. Dalilin kuwa kowane ɗan ƙauye ya san shi: itacen gona yana da mai shi. Ana gadon ɗorawa, ana sayar da kalwarta, kuka tana ba da miya, tsamiya tana ba da kunu, kuma mai hankali reshe yake sara ya bar gindi.

Irin wannan ya sake faruwa a maƙwabtanmu. A Maraɗi, daga 1983, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya fara jan hankalin manoma su daina ƙone tohon da ke fitowa daga kututture lokacin sassabe, su zaɓi masu ƙarfi su gyara su bar su su girma. Mutanen can suna ce wa abin sassaben zamani. Aka yi shekara ashirin duniya ba ta san girman abin da ke faruwa ba, har sai da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya kwatanta hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan'adam na wajajen 2005. Sai ga ƙauyukan da dā fili ne fetal sun cika da gawo. Ƙiyasin da aka yi ya kai hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Manoma ne suka yi aikin, amma da babu tsohon hoton da aka ajiye da kwanan watansa, da har yau ana cewa ba su yi komai ba.

Ban ce namu yana lafiya ƙalau ba. Kuna ganin buhunan gawayi a bakin titi, kuna ganin yadda ake yanka gonakin gefen hanya ana mayar da su fuloti, kuna ganin gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma sun raba. A kowace majalisa ana wannan gardama: wani ya ce itace ya ƙare, wani ya ce darbejiya da mangwaro sun maye gurbi. Gani ya kori ji. Ga aikin da nake roƙon kowannenku ya ɗauka, kuma ba ya bukatar kyamarar miliyan. Ku zaɓi wuri ɗaya da ba zai gusa ba, kamar bakin gada, ko gindin wata kuka, ko kan wani tudu, ku sa alama a inda ƙafarku ta tsaya, ku fuskanci gefe ɗaya, ku ɗauka. Ku koma wurin da bazara ana sassabe, da saukar damina an yi shuka, da marka gero ya rufe mutum, da kaka an jera dammuna, da hunturu dabbobi sun shiga cin kara. Shekara ta zagayo ku sake. Idan da gawo a cikin filin kun yi sa'a, domin shi kaɗai ne yake yin abinsa a juye, ya zubar da ganye da damina ya bar wa gero hasken rana da taki, ya yi kore shar da rani lokacin da komai ya bushe. A shekarar farko hotunan ba za su burge kowa ba, har abokai su yi muku dariya. A shekara ta goma malamin jami'a zai zo nemanku. A ta talatin jikan mai gonar ne zai zo.

Abin da ido ya saba da shi ba ya jin zai tafi. Mutanen Kano na shekarun 1950 da 1960 sun ɗauka dalar gyaɗa za ta tabbata kamar Dala da Gwauron Dutse. Fari ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, yau babu ko buhu ɗaya, sai hotuna, kuma yawancinsu baƙi ne suka ɗauka suka tafi da su ƙasashensu. A nan gida ma, an ƙirƙiri masarautar Bici a 2019, an rushe ta a 2024. Ba siyasar abin nake yi ba. Ina cewa ne duk wanda ya ɗauki hawan sallar waɗannan shekarun ya adana, yana riƙe da tarihi tun bai yi furfura ba. To ku duba abin da ke sulalewa a gabanku ba tare da an yi shela ba. Jigo ya bar wa injin ban ruwa fadama. Jaki da mangala suna bar wa babur da a-kori-kura hanya. Rumbun kara da na ƙasa suna komawa buhu da shago, soron azara yana komawa kwano, tulu ya koma jarka, injin casa ya karɓe aikin sanda. Ba kukan zamani nake yi ba, wanda ya taɓa jan jigo yini guda ba zai zagi inji ba. Amma a ɗauki tsohon da sabon gefe da gefe tun suna tare. J. D. 'Okhai Ojeikere, mai hoto ɗan Najeriya da ya rasu a 2014, ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, abin da kowa ke gani kullum bai ɗauke shi komai ba. Ya tara hoto wajen dubu, yau manyan gidajen tarihin duniya suna rububinsu.

Yanzu ga sana'ar kanta, a taƙaice, domin yi ne ke koyar da ita. Ranarmu ba ta da haƙuri, da ta fito take miƙewa sama. Hasken da ke yi wa hoto kyau daga wayewar gari ne zuwa kafin hantsi ya dubi ludayi, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa magariba. A lokacin haske yana zuwa ta gefe, sai kunyoyin gona su fito ɗaya-ɗaya, yaɓen katanga ya nuna sawun hannun magini. Da azahar kuwa inuwar malfa tana rufe idon manomi, gonar ta baje ta zama fili ɗaya marar fasali. An ce muku kullum ku ba rana baya. Ba kullum ba. Idan ana shiƙar hatsi, ko garke yana dawowa yana tayar da ƙura da yamma, ku fuskanci ranar, ku ga yadda ƙaiƙayi da ƙura suke kamawa da haske.

Babbar matsalarmu baƙar fata cikin farar riga. Waya tana ruɗewa, ko ta baƙanta fuskar, ko ta ƙone rigar ta zama farin da babu aiki babu zare. Ku taɓa fuskar a jikin allon wayar, sannan ku ja 'yar alamar ranar nan sama ko ƙasa har ido ya fito aikin wuyan riga bai ɓace ba. Mafi sauƙi ku tsayar da mutum a ƙofar zaure, yana daga ciki yana kallon waje. Babu sitidiyon da ya fi wannan haske. Ku kuma kashe abin nan na waya da ke goge fuska ya mayar da ita fara sumul kamar an shafa bilicin. Tamojin goshin dattijo da tsagar da ke kumatunsa su ne hoton.

Hazon hunturu, wanda iska ke kwaso ƙurarsa tun daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wasu suna ganinsa sai su ajiye kyamara. Kuskure ne. Yana tausasa rana har ka iya ɗaukar fuska da tsakar rana, yana kuma jera itatuwa sahu-sahu, na kusa baƙi, na nesa toka-toka. Ku dai rage sararin sama a cikin hoton, don fari ne kawai. Ƙurar tana ƙarce gilashi, saboda haka ku hure shi kafin ku goge, kuma da ƙyalle mai laushi, ba da bakin riga ba. Game da zuƙowa da yatsu biyu, a yawancin wayoyi yanka hoton take yi ta buɗa shi, ya fito a dagule. Zuwa da kai ya fi aike, ku matsa da ƙafarku. Ku durƙusa daidai tsayin yaro ko akuya ko tsiron gero. Kafin ku danna ku leƙa kusurwoyi huɗu, kada turken lantarki ya tsiro a kan hular mutum. Baƙar leda kuwa ba kullum zan ce ku kauce mata ba. Tana cikin gonakinmu, tana cikin cikin awakinmu, wanda ya share ta daga kowane hoto ya yi wa na baya ƙarya.

Namun daji fa? Gaskiya ne babu giwa a Kwamarawa. Amma akwai kurege da bushiya da damo da hawainiya, akwai fakara a cikin kara, cilakowa a kan kanya, balbela a bayan shanu, zalɓe a bakin madatsar Watari ta Bagwai. Akwai shamuwa, wadda ke yin rani a kudancin Afirka ta dawo mana gab da damina ta yi sheƙa a tsakiyar gari, ba ta tsoron kowa domin ba a taɓa ta. Wanda zai riƙa ɗaukar shamuwar farko da ya gani kowace shekara ya rubuta ranar, yana tara ilimin da masu binciken sauyin yanayi ke kashe kuɗi su nema. Ku tambayi iyayenku yadda ungulu take a mahauta da suna yara, sannan ku je ku ƙirga na yau. A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sa irin ungulun nan tamu cikin waɗanda ke bakin halaka, saboda guba da masu farautarta don tsibbu. Gauraka kuwa, da ake ganinta a fadamun Arewa, yau ta fi yawa a gidajen masu kuɗi bisa daji. Hoton ungulu uku a kan rimi, da wuri da rana a rubuce, ya fi hoton zakin gidan zu amfani.

Ɗaukar tsuntsu zama ne. Ku sa tufa marar ƙyalli, ku sami gindin itace kusa da ruwa tun da sassafe, ku yi shiru, su za su zo. Kada ku hau sheƙa, kada ku sare reshe don ƙwai ya fito fili, domin kuna tafiya hankaka da shirwa za su gode muku. Kada ku ba yaro kuɗi ya kamo muku bushiya ko mujiya. Kun buɗe kasuwa ke nan, gobe zai kamo biyu. Wanda ya ƙware yana son ganin tsuntsaye dubbai, ga Baturiya a Jigawa da Dagona a Yobe, cikin fadamun Haɗeja da Nguru, inda tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu. Tafiyar yini ce, ba sai an nemi fasfo ba.

Na bar mutane a baya ne don a nan nauyin yake. Itace ba ya jin kunya, mutum yana ji. Sallama ce farko, wayar tana aljihu. Sannu da aiki, Baba, ina gajiya, yaya ruwa. A zauna, a faɗi ɗan gidan wa ne kai, a faɗi abin da za a yi da hoton. Sannan: Baba, ko za ku yarda in ɗauke ku kuna wannan huɗar? Idan ya ce a'a, to a'a ce, a yi godiya a wuce. Malamai sun yi saɓani a kan hoton mai rai, wasu sun sauƙaƙa a na kyamara, wasu sun taƙaita shi ga lalura, kuma dattijon da ya ƙi yana da hujjarsa. Ba aikinku ba ne ku yi masa wa'azi a bakin gonarsa. Idan garin ba naku ba ne, ku fara da mai unguwa ko dagaci. A kasuwar Badume ko Dawanau ku sayi wani abu, ku yi hira, kafin ku ɗaga waya a kan kayan mutum. A rugar Fulani ku nemi ardo ko mai gida, kuma kada ku ƙirga masa shanu da kyamara.

Zauren da aka rubuta ba a shiga, kyamara ma ba ta shiga, ko ta saman katanga, ko ta hannun yaro. A nan 'yan mata kuke da abin da samari ba su da shi. Rabin rayuwar ƙauye a cikin gida take: sussuka da daka, tuyar ƙuli-ƙuli, dafa kalwa a yi daddawa, saƙar faifai, jeren ɗaki, wankan jego. Baƙon namiji bai taɓa gani ba, shi ya sa littattafan hotunan ƙasar Hausa suka cika da dawaki da rawuna, kai ka ce maza ne kaɗai a ƙasar. Ku za ku iya ɗauka, da yardar Inna da Gwaggo da mai gidan. Amma yardar a ɗauka daban, yardar a watsa daban. Hoton da Gwaggo ta amince ya zauna a gida, idan ya hau Facebook ko TikTok an ci amana, kuma mun san aure ya mutu a kan abin da bai kai wannan ba. Sau da yawa hannuwa da turmi da faifai sun isa su ba da labarin, ba sai fuska ta fito ba.

Ku yi hattara da hoton tausayi, shi ne ya fi saurin kawo yabo da kuɗi. A 1993 Kevin Carter ɗan Afirka ta Kudu ya ɗauki hoton wani ƙaramin yaro da yunwa ta durƙusar a kudancin Sudan, ungulu tana tsaye a bayansa. Jaridar New York Times ta buga, ya ci kyautar Pulitzer a 1994, bayan 'yan watanni ya kashe kansa. Duniya ta yi shekaru tana kallon hoton tana cewa yarinya ce, ba wanda ya san sunan, sai a 2011 'yan jaridar Sifaniya suka gano namiji ne, kuma ya tsira daga wannan yunwar. Almajirin da ke bara a tashar Bici yana da suna, yana da uwa a wani gari, yana da malami da za a iya tambaya. Ba shi da wanda zai hana ku, shi ya sa ya kamata ku hana kanku. Idan za ku ɗauke shi, ku ɗauke shi kan allonsa da asuba, ko yana ɗinkin hula, da izinin malaminsa. Fati Abubakar ta Maiduguri ta fara aikinta mai suna Bits of Borno a 2015, lokacin da duk hoton da ke fitowa daga garinsu na gawa ne da toka. Ta ɗauki 'yan kasuwa da 'yan makaranta da masu kwalliyar salla, ta haɗa da maganar da suka faɗa da bakinsu. Ba ta ɓoye wahalar ba, ta dai ƙi yarda a ce ita kaɗai ce. Kuma duk wanda kuka ɗauka, ku wanke ɗaya ku kai masa. Kuɗinsa bai kai na katin waya ba, gobe kuma shi zai kira ku ranar gayya.

Akwai kuma zamanin da muke ciki. Kun san halin da ƙauyukan kan iyakar Katsina ke ciki da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. Wayoyi da yawa suna liƙa wa hoto ainihin wurin da aka ɗauke shi. Ku kashe wannan kafin ku watsa. Garken mutum, da rumbunansa cike, da fasalin gidan mai hali, ba kayan talla ba ne. Sunan gari da na mai gona a littafinku za su zauna, a intanet ya isa ku ce arewacin Kano. Kada ku ɗaga waya a shingen jami'an tsaro. Mai sha'awar ƙaramin jirgin nan marar matuƙi ya sani doka ta ce sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ban da firgita garin da zai yi idan bai sanar da kowa ba.

Ajiya ita ce inda yawancinku kuke faɗuwa. Waya tana faɗawa rijiya, ana sace ta a kasuwa, mai gyara yana goge ta. WhatsApp yana matse hoto ya zubar da rabin kyansa, sai idan an tura shi a matsayin fayil. Ku ajiye na asali a wuri biyu, kati ko kwamfuta da kuma ma'ajiyar intanet. Kowane hoto ya sami abu huɗu: rana, wuri, wane ne, me ake yi. Duk shekara ku zaɓi goma mafi kyau ku wanke a takarda, ku rubuta bayanin a baya da fensir, don biro yana huda takarda ya ɓata fuska. Malick Sidibé na Bamako, wanda ya zama ɗan Afirka na farko da aka ba babbar lambar girmamawa ta bikin fasahar Venice a 2007, hotunan samari da 'yan matan unguwarsu kawai ya ɗauka, amma ya jera su da lamba da kwanan wata, shi ya sa aka same su bayan shekara talatin. Ɗan garinsu Seydou Keïta kuwa, a 1991 an baje hotunansa a New York aka rubuta wai ba a san mai ɗauka ba, sai da wani ya bi sawu har Bamako ya same shi da ransa. Don haka ku sa sunanku. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare hoto na shekara 50, kuma wanda ya ɗauka shi ne mai shi matuƙar bai sayar ba ko bai yi yarjejeniyar bar wa wani ba ko bai yi wa gwamnati aikin ba. Idan wata ƙungiya ko jarida ta nemi hotonku, ku tambayi inda za a sa, na wane tsawon lokaci, nawa ne, a rubuce. Kada ku ce ɗan ƙauye ba ya kaiwa: Sani Maikatanga na nan Kano da hoton ambaliyar Auyo ta Jigawa ya zo na ɗaya a gasar Wiki Loves Africa ta 2023.

Kafin ma ku fita gona, ku fara da akwatin gidanku. A ƙarƙashin gadon Kaka, ko cikin jakar Baba ta aikin hajji, akwai hotunan dauri da gara da laima suka fara ci: na aure, na makarantar horon malamai, na fasfo, na ranar da aka sayi keken farko. Ku shimfiɗa su a inuwa a kan tabarma, ku kashe filasha, ku ɗauki kowanne da waya gaba da baya. Sannan ku zauna da wanda ya fi kowa shekaru a gidan ku bi su ɗaya-ɗaya, yana faɗin wane ne wannan, ɗan wa ne, a ina aka ɗauka, shekarar wane sarki ko wace yunwa, ku kuna rubutawa. Idan ya gaji ku bari sai gobe, amma kada ku bari sai bayan salla.